Ladan Gado da Sigarin Alhaji Faruk

Gyaran agogo Gado ya zo da shi Njamena daga Gusau, da shi kuma ya ci tuwo har wayar salula ta kashe sana'ar. Sai ya koma gyaran sigarin lantarki, irin wanda ake ɗura wa ruwa mai ƙamshi a 'yar kwalba. Zafin garin nan kuwa ba ya barin kwalbar lafiya: ruwan ya tsinke, zoben roba ya saki, sai yoyo a aljihun mai shi. Gado bai taɓa zuƙa ba ko sau ɗaya. Toshe ƙofar iska yake yi da yatsa, ya hura ta bakin, ya saurari inda iska ke fita, kamar mai faci.

Amma ba da wannan yake taƙama ba. Shekara goma sha tara shi ne ladanin masallacin mahauta na unguwar Habbena. Ba ɗa, ba jika, matarsa Indo ta rasu. Muryar nan kaɗai ke sa a tuna yana duniya, kuma yana sonta kamar ransa.

Ran sha biyu ga azumi, da hantsi, Alhaji Faruk, sarkin fawa kuma shugaban kwamitin masallacin, ya tsaya a teburin Gado, aljihu jiƙe sharaf da ƙamshin mangwaro. Ya miƙa masa sigarin lantarkinsa a ɓoye, ya ce a gyara, kada kuma kunne ya ji. Gado ya ce amana ce.

Ya kai baki ke nan zai hura, Alamin, ƙanin matar Alhaji, ya gifta a kan babur. Wannan ɗan taliki ya daɗe yana haɗiyar yawu a kan lasifikar masallaci, to ga banza ta faɗi. Ya ɗauki hoto. Kafin azahar babu wayar da bai shiga ba.

Bayan la'asar kwamiti ya zauna. Gado ya rantse hurawa yake yi, ba zuƙa ba, aka kwashe da dariya. Hashimu mai kilishi, wanda ya ɗan tausaya masa, ya ce to ya faɗi mai abin, a kira shi ya ba da shaida. Gado ya dubi Alhaji. Alhaji yana jan carbi, ko gezau. Gado, bawan Allah, ya sunkuyar da kai, ya ce ba zai iya faɗa ba.

Alhaji ya yi gyaran murya. "Bakin da ya sha wannan ƙazanta da rana tsaka cikin azumi ba zai ƙara kira mana sallah ba. Kalas, magana ta ƙare."

Da magariba Alamin ne ya kira sallah, da muryarsa irin ta ɗan akuya. Gado yana zaune a teburinsa da dabino a hannu, ya kasa kai shi baki, yana kuka kamar ranar da aka binne Indo. Duk da haka ya sake wa sigarin Alhaji zoben roba, ya goge kwalbar tas.

Washegari Alhaji ya dawo, ko kunya babu. Ya juya abin sama da ƙasa, ya ga ko ɗigo ba ya fita, ya jefa aljihu.

"Madalla, Gado. Tunda yanzu ba ka da ɗawainiyar masallaci, akwai wasu biyu a gida, su ma yoyo suke yi. Gobe zan kawo."