Baƙin Ƙarfen da Na Raina Shi Kaɗai Ya Rage Daga Motar Baba

A wancan lokaci ni saurayi ne ɗan shekara ashirin da 'yan kai, haifaffen unguwar Bromakoté a Adjamé, ɗan fari a gidan wani dattijo mai sayar da goro wanda ya baro Nijar tun kafin a haife ni. Faransancina ya fi Hausata gudu, ga son a sani, ga taurin kai. Da safe in ɗan leƙa shagon Baba a kasuwa, da yamma in sulale wajen abokai. Na rubuto muku ne don abin ya daɗe yana ci na a rai, kuma ina ganin yaran yanzu suna bin hanyar da na bi.

Baba yana da wata mota ruwan toka, ƙirar Turai, mai dogon baya da ke ɗaukar huhun goro. Ta fetur ce mai turbo, wato wani ƙarfe mai kama da dodon koɗi da hayaƙi ke juyawa ya ƙara wa inji ƙarfi. Ba ta da hayaniya ko kaɗan, sai ɗan gurnani ƙasa-ƙasa da siririn fito idan an taka ta. Inna ta haddace wannan muryar. Tun motar tana bakin layi za ta ce mu shimfiɗa tabarma mu ɗora shayi, Alhaji ya dawo, kuma ba ta taɓa kuskure ba. Kowace Juma'a bayan masallaci Baba yakan kai Inna unguwar Treichville, ƙetaren gada, gidan yayarta. Mu yara a baya, Inna a gaba, tasbaharsa tana lilo a jikin madubi. Idan muka hau gada iskar ruwa ta shigo, sai ya rage rediyo su yi ta hirar garinsu. A dawowa ya tsaya ya saya mana aloko mai zafi, wato soyayyar ayaba, ya ja mana kunne kada mu shafa masa mai a kujera. Allah sarki, ban ƙara cin aloko mai daɗin wannan ba.

Da ciwon ajali ya kama Baba, ya damƙa mini makulli ya bar mini wasiyya biyu. Kada in yanke wa Inna zuwa Treichville ranar Juma'a, kuma kada kowa ya taɓa injin motar in ba amininsa ba, wani tsohon makanike ɗan ƙabilar Jula mai gareji a Treichville ɗin. Na amsa da hawaye. Shekara guda na riƙe alkawari. Inna, wadda gwiwa ta fara damunta, takan zauna a tsakar gida da yamma, da ta ji motar ta shigo layi sai fuskarta ta washe. Ta taɓa gaya mini cewa daga bakin layi zuwa ƙofar gida takan manta cewa ya rasu.

To, akwai wani wurin wankin mota a Liberté inda samari ke haɗuwa ranar Lahadi don faro, wato nuna isa. Kowa ya ɗaga kafo, murfin inji ke nan, ya taka totur a ji ƙarar motarsa. Tawa kuwa shiru kamar mai jin kunya, har suka laƙaba mata suna motar liman. Abin ya ƙona mini rai. Wani daga cikinsu ya ce matsalar kolekta ce, ƙarfen nan da ke manne a jikin inji yana tattara hayaƙi ya miƙa wa turbo. Ya kai ni wajen masu kayan mota ya nuna mini wani sabo fil na farin ƙarfe, bututu huɗu a lanƙwashe, yana ƙyalli kamar kwanon amarya. Aka ce zai ƙara gudu, zai ƙara ƙara. Ban ko yi shawara ba na saya.

Na kai wa tsohon makanike ina washe baki. Ya ɗaga shi da hannu ɗaya, ya ƙwanƙwasa da farce, ya yi murmushi. Ɗan Alhaji yake kira na. Ya zaunar da ni ya ce na asalin baƙin ƙarfe ne mai kauri, da gangan aka yi shi da nauyi don shi ke goye da turbo, shi ke shanye zafin da har ja yake yi. Wannan kuwa siriri ne, walda ce ta haɗa shi, in ya yi zafi ya buɗe ya huce ya tsuke, ga nauyin turbo, ga ramukan hanyoyinmu, dole wata rana ya tsage. Ya ce shi dai hannunsa ba zai ɗaura shi a motar amininsa ba. Ni kuwa a raina na ce tsufa ne kawai, zamani ya wuce shi.

Na dawo Adjamé na sami wani matashin makanike da bai san kalmar a'a ba. Ramukan noti ba su dace ba, ya faɗaɗa su. Ƙarfen da ke tallafe turbo daga ƙasa ya ƙi zama, ya yanke shi ya yar. Faifan da ke tare zafi kuwa ni da bakina na ce a bar shi, don zai rufe ƙyallin da na saya. Tiyon baƙin mai da ke zuwa turbo ya matso dab da bututun, ya ɗaure shi da waya ya ce ba komai. Sannan na yi abin da har yau nake jin kunyarsa. Na ɗauki tsohon kolektan na kai garejin tsohon nan na dire a gabansa, na ce kyauta ce, ya sayar wa masu sayen ruɓaɓɓen ƙarfe. Ya ɗauke shi ya shigar ciki.

Ranar na shigo layinmu da ƙara har awaki suna tsalle. Na tarar da Inna zaune ba tabarma ba shayi, tana tambaya wane marar tarbiyya ne yake damun maƙwabta. Da na ce motar Baba ce na gyara, ta ce Allah ya sa alheri, amma ita dai ba ta ji shigowar motar Alhaji ba. Daga ranar ta daina zaman tsakar gida da yamma. Na lura, wallahi na lura, amma Lahadi tana jira na.

A Liberté na zama gwani. Ina isowa da inji da zafi zan sa a fesa masa ruwa don ƙarfen ya yi ƙyalli, ya yi cuu, tururi ya tashi, abokai su yi ihu. Ashe kashe shi nake yi. Kafin damina ta wuce ya dafe, ya fara tak-tak da safe. Mai walda ya like tsaga ta farko, ta biyu ta ɓullo a gefenta, ya like, ta uku ta fito. Warin hayaƙi ya fara shigowa cikin mota. Inna takan sauka a Treichville da ciwon kai, in ce zafin rana ne. Tsohon makanike ya aiko ta bakin yayar Inna cewa in kawo motar ko don darajar mamaci. Girman kai ya hana ni.

Wata Juma'a muka maƙale a cunkoso a tsakiyar gada, rana tana dukan kwalta. Na ji warin ƙonannen mai, sai hayaƙi baƙi ƙirin daga gefen kafo, sai harshen wuta. Daga baya aka gane cewa bututun ya ƙarasa tsagewa, wutar hayaƙin ta cinye tiyon nan. Innalillahi! Na zagaya da gudu, Inna ta kasa miƙewa saboda gwiwa. Ni da wani direban gbaka, ƙaramar motar haya, da wata mai tallan ruwa muka ciccibo ta. Masu motoci suka fito da tukwanen kashe gobara, ina, wuta ta riga ta kama. Kafin 'yan kwana-kwana su ratsa cunkoson, sai ƙwarangwal. Mutane suna ta yi mana yako, wato sannu. Inna tana tsaye ba takalmi, riƙe da ƙarfen gada, ba ta zage ni ba, ba ta yi kuka ba. Abu ɗaya ta tambaya, ko na ciro tasbahar Alhaji daga madubi. Ban ciro ba.

Bayan kwana uku tsohon makanike ya zo jaje da wani abu a cikin buhu. Ya buɗe, sai ga baƙin kolektan nan, wankakke, an shafe shi da mai, ko tabon tsatsa babu. Ya ce ajiye shi ya yi yana jiran ranar da ɗan Alhaji zai dawo a mayar da shi wurinsa. Da ma mari na ya yi, da ya fi mini sauƙi. Inna ta shafa ƙarfen da tafin hannu, ta ce a kai mata ɗaki. Na ci gaba da kai ta Treichville a tasi har ƙarshen rayuwarta, na ma sayi wata motar daga baya, amma ba ta ƙara cewa a ɗora shayi don ta ji mota a bakin layi ba.

Yau ni ke zaune a shagon Baba, furfura ta fara. Abin da na koya shi ne, wanda ya ƙera mota bai sa ƙarfe ko ɗaya don ado ba, kuma dattijon da ya ƙi karɓar aikinka ya fi mai ce maka ba komai ƙaunarka. Samari, in har sai kun canza kolekta a mota mai turbo, ku nemi mai kauri da ya dace da ramukan injin, kada ku yanke abin tallafi, kada ku cire faifan zafi, kada ku fesa masa ruwa yana da zafi. In kun ji warin hayaƙi a ciki, ku ajiye motar a ranar. Kuma kafin ku taɓa abin da aka bar muku amana, ku tambayi wanda ke gida me yake ji a jikinsa. Tun rasuwar Inna baƙin ƙarfen yana nan ƙarƙashin teburina, shekara da shekaru, ko tsaga ɗaya babu. Motar da zan mayar da shi ce babu.