Makullin Bindigar Yaya Kanezo

A kwarinmu na Akita, in aka ce wane ya iya riƙe bindiga, da Yaya Kanezo ake auna shi. Ba yayana ba ne na jini. Shekara tara ya ba ni, shi ya fara kai ni farauta a dutse, tun daga ranar nake ce masa Yaya. Gajere ne, kunnensa na hagu ya mutu saboda ƙarar harbi, ga bin ƙa'ida kamar ta kashe shi. Ko hanyar masu katako za mu tsallaka, wadda sai ta kwana uku mota ba ta bi ba, sai ya tsaya ya zare harsashi, ya tsallaka, sannan ya mayar. Mu kuwa muna tsaye cikin ƙanƙara muna zaginsa a zuci.

Doka ta ce sai mutum ya shekara goma da ƙaramar bindigar harbin tsuntsu kafin a ba shi lasisin babba. Kanezo ya yi goman nan cif a cikin masu kora, wato masu hawa gangare suna ihu don su turo beyar, ƙatuwar dabbar nan mai gashi da farata, wajen maharbin da ke laɓe a kan tudu. Aikin sababbin shiga ne. Ranar da ya samu babbar bindigarsa, 'yar ƙasar waje, sai da ya kai ta ɗakin bautar dutse aka sa mata albarka. Matarsa Kiyo ta ce ko ranar aurensu bai washe baki haka ba. Da nawa goman suka cika na sayi irinta sak, don a lokacin ko tari ya yi sai na kwaikwaya.

Bindigar tana da hali ɗaya. Ba ka iya jan sakatarta ka fitar da harsashi sai ka fara buɗe makullin da ke hana kunama motsi. Shekara ashirin da wani abu haka muke yi, ba abin da ya taɓa faruwa.

A kakar da ya cika sittin da takwas, saura mako biyu a buɗe farauta, sai ga wasiƙa daga kamfanin, tawa daban tasa daban. Sun ce in tsohon mai ya daskare a cikin kunamar, buɗe makullin kaɗai yana iya sa bindiga ta tashi. A kai wa dillalinsu na birni ya canza kunamar, ya kuma gyara sakatar ta riƙa buɗuwa makulli na rufe. Kyauta ne, amma layin na iya kai wata biyu.

Na same shi ya ɗora butar shayi a kan wasiƙarsa.

"Tetsu, ka ga abin dariya?" in ji shi. "Bindigar da nake gogewa fiye da yadda nake wanke fuskata, wai ita ce mai datti."

"Rabu da su, Yaya," na ce. "Tsoron lauyoyi ne kawai. An rubuto ne don masu jefa bindiga a bayan mota kamar shebur."

Kiyo ta leƙo daga kicin. "Ku dai ku kai. Me zai ragu a jikinku?"

"Wata biyu fa!" in ji shi. " Je ki gaya wa beyar ta yi haƙuri da gonar tuffa har wata biyu."

Ni na fi kowa dariya. Wannan dariyar har yau tana ci na.

A gida kuwa Fumie, matata, ba ta tsaya musu da ni ba. Ɓoye mabuɗin akwatin bindigar ta yi. "Ko ita ta tafi birni, ko ni in tafi gidanmu, zaɓi ɗaya," in ji ta. Na kai ta ina ƙunƙuni. Wata biyun da ake faɗa ashe kwana tara ne. Ƙarfen da suka cire bai wuce babban yatsana ba.

Abin da ya rage shi ne in je in ce, Yaya, kwana tara ne kacal, kawo in kai maka. Amma a wurinmu ƙarami ba ya gyara wa wanda ya koya masa dutse. In na faɗa, na nuna cewa na yi dariya a gabansa na zagaya ta bayansa, kuma ni ne mai hankalin. Sau uku ina zuwa gidansa da niyyar faɗa. In sha shayi, in ci gasasshiyar shinkafar Kiyo, in kalli wasiƙar duk ta yi shatin gindin buta, in yi sallama. A dutse kuwa in zan zare harsashi sai in juya masa baya.

Ranar da abin ya faru cikin watan Afrilu ne, da la'asar. Mun samu beyar, an bar mutane a sama suna raba nama kashi-kashi daidai wa daida. Mu biyu muka sauko. Na riga shi isa motarsa a bakin titi, na shiga na zauna, sai fitsari ya matsa min na fito. Shi kuma ya tsaya a gangaren kamar kullum, ya sunkuyar da bakin bindiga ƙasa, ya buɗe makulli.

Ta tashi. Harsashin ya daki dutsen da ke ƙarƙashin ƙanƙara, ya yi tsalle, ya huda ƙofar motar, ya shige kujerar da na tashi a kai.

Na hau wurinsa. "Yaya, mu ce zomo ka harba. Ƙofar kuma in kai wa surukina ya liƙe, ba mai ji."

"Yatsana bai taɓa kunama ba," ya ce.

"Na sani."

"To ai shi ya fi muni. Shiga mu tafi."

Ya biya gida ya zaro wasiƙar daga ƙarƙashin buta, ya haɗa da bindigar ya kai wa 'yan sanda da hannunsa. Harsashi ya faɗa titin jama'a, ga gargaɗi a hannunsa wata shida, sai aka ƙwace lasisin. Sai ya shekara biyar kafin ya sake nema, sannan ya koma ya yi goma da ta tsuntsu. Ya lissafa da yatsu a gaban ɗan sandan, ya ce sai yana da shekara tamanin da uku ke nan, ya yi godiya ya fito.

Mun zaci ya gama da dutse. Da shekara ta zagayo sai ga shi da sanda, ya shiga cikin masu kora. Tudun da ya yi shekara ashirin yana laɓewa, ni aka ba. Ranar, muna cin curin shinkafa a gindin bishiya, na ajiye nawa na dube shi.

"Yaya, tawa fa an gyara ta. Tun kafin a buɗe farautar bara."

"Na sani," ya ce, bai ko ɗago ba. "Tun ranar farko. Ka juya min baya, amma babban yatsanka bai je kan makulli ba. Kunnena ne ya mutu, ba idona ba."

"To me ya hana ka magana?"

"Na ga kana ɓoyewa, in na tambaya na kunyata ka." Ya gutsuri shinkafa. "Kuma in na kai tawa bayan taka, sai a ce Tetsu ne ya koya wa Kanezo hankali."

Haushi ya kama ni, nasa da nawa, na rasa wanda zan fara zagi. Wata shida muna kare wa juna mutunci kamar wawaye, magana ɗaya ta gagare mu. Shi ya biya, ni ko ƙwarzane ban yi ba.

Yanzu shekararsa saba'in da huɗu. Muryarsa ta dushe, amma har yau shi ke fara ihu daga ƙasan gangare. In mun iso hanyar masu katako kuma sai ya ja ya tsaya a bakinta, ba komai a hannunsa sai sanda, ya jira ni in zare harsashi.