Kofin Yaya Indo mai jan zare

Shekara biyu ban ce uffan a nan ba. Masu tambayata don Allah, na gode. Masu tambaya don su sami abin faɗa a gidan suna, ku gyara zama, yau daga bakina za ku ji.

Da gajiya ya fara. Ni da nake haye benen ofishinmu a Adjamé, nan Abidjan, da takardun duwan, wato kwastan, na 'yan kasuwa a hammata, sai na koma hutawa sau biyu kafin in kai sama. Sai gumi: in tashi da safe zanin gado sharkaf. Tari ya warke, maruru ya fito. Maruru ya warke, zazzaɓi ya karɓa. Zobe ya fara zamewa daga yatsana. Rannan na shafa wuyana na ji kaluluwa biyu kamar gurjiya, ba zafi ko kaɗan.

Na san alamun nan. Na gan su a jikin yayata, Yaya Indo, a gidanmu na Williamsville. Mijinta direban babbar mota ne, Abidjan zuwa Maradi, kuma ya riga ta rasuwa. Kun san hukuncin da unguwa ta yanke. Ba mai furta ƙanjamau, "ciwon nan" ake cewa. Ba mu kai ta gwaji ba, wai rufin asiri. Aka ware mata kwano da kofi. Ni mai karatun, ni mai littattafai har saman gado, ni na ɗaura jan zare a hannun kofinta kada yara su ɗauka.

Ta dubi zaren ta ce, "Hajara, ja kika zaɓa mini? Ai kin san kore nake so." Ta yi dariya.

Shekara uku tana kwance. Da ta rasu muka sanar cewa gajeruwar rashin lafiya ce.

Saboda haka da nawa ya zo, mayafi na ja na rufe wuya, fiye da shekara guda. A wani biki a Belleville, matar da muka saba sa hannu a faranti ɗaya ta ce, "Hajiya, rejim kike yi ne na rage ƙiba?" Sannan ta ce ita ta ƙoshi.

'Yata Nafisa ce ta gaji. "Maman, ça suffit, ya isa haka. Tashi." Ta tura ni cikin woro-woro, tasin haya, sai asibiti a Treichville.

Ƙanjamau: babu. Amma fararen ƙwayoyin jinina sun yi yawa ƙwarai. Aka sake ɗibar jini, aka yi hoton ciki. Awarwarona na zinariya ya tafi a nan, wajen biyan kuɗin awo. Likitar, mace ce mai furfura, ta ce sankarar jini ce mai tafiyar hawainiya, LLC suke kiranta. Sai ta buɗe takarda. Yaushe kika fara gajiya? Kilo nawa kika rage? Gumin yana sa ki canza riga?

"A danginku wani ya taɓa yin irin wannan?"

Na ce babu. Sai na ji bakina yana ba ta labarin Yaya Indo tun daga farko.

Ta ajiye biro. "An gwada ta?"

"A'a."

"Ba zan iya gaya miki abin da ya kashe ta ba. Amma wannan ciwon wani lokaci yakan samu 'yan'uwa na jini. Ba a ɗaukarsa a kofi. Wanda kuka zarga ɗin ma ba a ɗaukarsa a kofi." Ta taɓa hannuna. "Yako, madame. Sannu."

Ban yi kuka don an ce ina da sankara ba. A kan benci a waje na zauna ina kiran sunan yayata, Nafisa tana rufe ni da mayafinta.

An sa mini ruwan magani sau shida, wata-wata. Amai, kasala, bakina kamar na tsotsi ƙarfe. Yanzu kaluluwar ta sace, jini ya daidaita, ina hawa bene. Ba a ce ya tafi ba, kwanciya ya yi. Duk wata uku ina komawa awo.

Alhamdu lillahi. Nafisa, Allah ya ba ki masu yi miki. Likita da ma'aikatan ɗakin jini, Allah ya saka.

Ku kuma: kaluluwar da ba ta zafi kuma ta ƙi sacewa, rama ba dalili, gumi mai jiƙa shimfiɗa, ku je a auna jini. Likita ya tambayi tarihin gidanku, ku faɗi gaskiya, ba surukinku ba ne. Ko ma ƙanjamau ɗin ne, yana da magani, kuma mai shi ɗan'uwanku ne.

Har abada ba zan san abin da ya ci Yaya Indo ba. Mu muka hana ta sani.

Kofin yana nan, na same shi a bayan kabad. Da shi nake shan ruwa. Nafisa ta ɗauko almakashi za ta yanke zaren, na ce ta bar shi. Ni na ɗaura.