Ranar da Sanda Ta Ƙi Dawowa

Me ya hana ni hawa motar nan? Shekara huɗu ke nan ina tambayar kaina, har yau ban samu amsa ba. Ban iya rubutu ba. Ni ke faɗa, wata abokiyar aikinmu tana rubutawa, kuma na gaya mata idan ta ji na yi shiru ta jira ni. Kuka ne, yana wucewa.

Sunana Talatu. Shekara tara na yi ina riƙe tutar tsayar da motoci a aikin hanya tare da maigidana, Baban Asabe. Shi ya fara shiga, bayan titi ya ratsa gonarmu ta doya. Ni da shara na soma, ina share ƙasa kafin a zuba kwalta, daga baya ya koya mini tuta. Ranar da ta ƙi fita raina wata Alhamis ce cikin damina, muna gyaran kwalbati a wata kwana kafin a shiga Paikon Kore.

Bari in yi bayani saboda ku sababbi. An haƙa rabin titi, saura hannu ɗaya, ga rami a dama, ga laka a hagu. Motocin da ke tafiya da masu dawowa duk nan za su bi, amma bi da bi. Ina tsaye ta ɓangaren Gwagwalada, shi yana can ɗaya ƙarshen, kwana ta raba mu, ba ma ganin juna. Waya kuwa ba ta kamawa a kwarin. Sai muka yi aiki da sanda, wata tsohuwar ƙotar fartanyarsa da muka ɗaura wa jan ƙyalle. Idan na saki motocina, direban ƙarshe nake ba sandar, ya miƙa masa. Da ta shiga hannunsa ya san hanya ta zama tasa, ya saki nasa, ya ba na ƙarshe ya kawo mini. Wanda ba shi da sanda ba ya buɗewa, ko da titi ya yi fayau.

Da hantsi na ba wani direban bas sandar, na mirgina durom ɗin da muke rufe titi da shi na tare hanya. Yawanci kafin mutum ya gama cin gasasshiyar masara guda, motocinsa sun ɓullo. Ranar shiru.

Layi ya yi tsawo, aka fara danna ham. Wani kwandasta ya leƙo ya ce, "Mama, ko mijin naki ya tafi cin tuwo ne?"

Na ce, "In ma ya tafi, ba a gidanku zai ci ba. Mayar da kanka ciki."

Can sai ga wata baƙar mota da jiniya ta keto layi har gabana. Wani Alhaji ya fito, farin yadi, gilashi a ido, aka ce darakta ne a wata ma'aikata.

Ya ce, "Iya, sannu da aiki. Ai babu abin da ke zuwa. Ki taimaka mu wuce, jana'iza za mu."

Na ce, "Ranka ya daɗe, Allah ya jiƙan rai. Amma sanda ba ta zo ba."

"Wace sanda kuma?"

Kafin in amsa, direbansa ya kama durom zai ture. Na hau kai na zauna. Na ce in zai ture, ya haɗa da ni.

Hayaniya ta jawo foman ɗinmu, Oga Sande, wanda shi ke rubuta sunan mai aiki da na wanda aka sallama. Ya iso yana haki.

"Madam Talatu, kin san ko wane ne wannan? Buɗe! Direba ne kawai ya manta ya wuce da sandarku."

Na ce, "Oga, an taɓa wucewa da ita. Ranar, Baban Asabe da ƙafa ya tako ya gaya mini. Yau bai tako ba, bai aiko ba."

"In ba ki buɗe ba, ki ajiye tutar nan ki tafi gida."

"Da yamma zan ajiye maka. Yanzu tana hannuna."

Aikin nan shi muke ci. Amma ban sauka ba.

Muna cikin haka muka ji ham daga cikin kwana, ba ƙaƙƙautawa. A-kori-kurar kamfani ce ta fito a guje, fitila a kunne. Leburori uku a baya, rigunansu jina-jina. Ashe wata tifar yashi ce ta fito daga layi don ta riga kowa, birki ya ƙi, ta kwashe durom ɗin can ƙarshen da mai tuta, maigidana, ta faɗa daji. Da na buɗe, da motar nan ta yi gaba da gaba da motoci sama da ashirin a wurin da ko keke ba ya iya juyawa.

Direban a-kori-kurar bai yi niyyar tsayawa ba. Baban Asabe ne ya yi ta bugun jikin motar da sandar har aka taka birki a gabana. Yana kwance kan buhunan siminti. Ya miƙo mini ita, ya yi magana, na karɓa. Motar ta wuce.

Ni kuwa na juya, na mirgina durom, na ɗaga tuta. Hannuna ne ya yi abin da ya saba. Sai da Alhajin ya tsaya kusa da ni ya ce, "Iya, wancan wane ne naki?" sannan tutar ta faɗi. Shi ya saka ni a motarsa, ya juya, jiniyar da na hana wucewa ta kai ni asibiti. Muka tarar an rufe wa Baban Asabe fuska.

Bayan addu'ar bakwai wani mutumin kamfani ya zo da takarda da tawada, wai in dangwala. Na sa 'yata Asabe ta karanta mini. An rubuta cewa mai tuta ya bar wurin aikinsa.

Na ce, "Mutumin da aka ɗauko da sanda a hannu, wa ya bar wa wurin?"

Ya ce, "Mama, tsarin rubutu ne kawai."

Na ce, "To ka tafi da tsarinka. Yatsana ba ya hawa kan ƙarya."

Sau uku yana zuwa. A na uku Oga Sande ya biyo shi, kansa a ƙasa, ya faɗi gaskiya da bakinsa. Suka goge layin, sannan na dangwala. Da na fita takaba na koma bakin titi, na riƙe tuta har aka gama kwalbatin.

Dangin maigidana sun ce aiki ya cinye mini zuciya, mace ta ga mijinta cikin jini ta tsaya sakin motoci. Su faɗa. Wannan tsakanina da Allah ne, kuma ni ma ban yafe wa kaina ba. Amma zaman da na yi kan durom, ko gobe aka maimaita, zan zauna.

Ku da kuke da wayoyi yanzu, ku ji. Za a zage ku, za a nuna muku katin shaidar muƙami, oganku ma zai ji tsoro. Titin da kuke gani babu kowa, ba ku san abin da ke tahowa bayan kwana ba. Wanda ke can ƙarshen ya dogara da ku, ba ya ganinku.

Sandar tana ƙarƙashin gadona. Da ya miƙo mini ita bai ce yana jin ciwo ba, bai ce in biyo shi ba. Cewa ya yi:

"Talatu, ga sandarki. Yanzu ki sake su."