Atamfofin Marigayiya a Buron Dowan

Malam Idrisa bai taɓa yar da takarda ba. Ko tikitin motar da ta kawo shi daga Damagaram a 1979 yana nan cikin wani tsohon gwangwanin biskit. Ni da na yi shekara goma sha ɗaya ina sayar da shayi kusa da teburinsa, daura da gidan waya na Tamanrasset, na sha yi masa tsiya cewa ran da ya mutu ba za a sayi likkafani ba, takardunsa sun isa. Sai ya gyara tabarau ya ce, "Salifu, zuba shayi, bar zancen da ya fi ƙarfinka."

Aikinsa rubuta wa mutane takardar koke. In an aiko maka kaya daga waje, 'yan dowan, wato kwastan, suka caje ka fiye da ƙima, ko suka ɗauki kyauta a matsayin haja, wurinsa za ka zo. Zai buga takarda da Faransanci a tsohuwar tafiretarsa, ya manna resi, wato rasit, ya yi ta safa da marwa har a maido maka abin da ya dace. Tambayarsa ta farko ba ta canjawa: "Ina resin?" Mu kuwa mutanen Nijar, takarda ba ta kwana a hannunmu. Wani ya ƙunshe sukari da nasa, wani akuya ta cinye.

Ba shi da mata, ba shi da ɗa, na gida kuma duk sun ƙare. Shekara goma sha tara yana bin kwalayen mutane, shi ba a taɓa aiko masa ko allura ba. Bai taɓa faɗa ba, amma ina ganin yadda yake bin kwali da ido in mai shi ya ɗauka ya tafi, kuma abin yana ba ni tausayi.

Wata biyu kafin azumin 1998 Zuwaira ta zo. Tela ce a unguwar Tahaggart, mijinta magini ne, ya rasu ya bar ta da yara uku da keken ɗinki guda. Ta durƙusa ta gaishe shi, ta kwance bakin zane ta miƙa resi, lafiya lau ko lanƙwasa babu. Malam ya dube ni, wai in gani in koya.

Uwarta ce ta rasu a Maraɗi, aka aiko mata atamfa turmi tara daga adakar marigayiya. Kowa ya san halin tsofaffinmu: mace ta sayi turmi ta ajiye shekara ashirin ba ta sa masa almakashi ba. Jami'in dowan bai san wannan ba. Ya ga turmi tara da tambarinsu, ya rubuta haja, ya ɗora haraji da tara da kuɗin ajiya. Zuwaira, da ba ta iya haɗa ido da mai kaki, ta kai kekenta jingina wurin Alhaji Tasi'u ta biya. Sharaɗin Alhaji, in an ga watan azumi ba ta fansa ba, keke ya zama nasa. Tela kuwa da ɗinkin Salla yake cin shekara.

"Wanga mai sauƙi ne, ɗiyata," in ji Malam. "Kayan gado ne. Mu kai takardar rasuwa, mu kai turamen su sake dubawa. Suna ina?"

Ta sunkuyar da kai. "Baba, na rabas."

"Kin mi?"

"Inna ta bar wasiyya. Ta ce a ba matan da suka riƙe ni nan baƙunta. Guda na ɗauka."

Ni dai raina ya ɓaci. Kin jinginar da abincin 'ya'yanki kin fanshi kaya, kwana biyu kin rabar! Na buɗe baki zan faɗa, Malam ya ɗaga mini hannu. Ya tambaye ta ko matan sun ɗinka. Ta ce tuni, har an je suna da su. Ya ce gobe ta kawo nata ya gani.

Da ta kawo, ya warware shi a kan teburina ya ture mini kofuna. Ya daɗe yana kallo. Duk inda ninki yake launin ya koɗe, farin layi ya ratsa zanen daga sama har ƙasa, ga ƙamshin kafur ya kama shi. Malam ya yi murmushi, abin da yake yi sau biyu a shekara.

"Je ki faɗa musu, ran Litinin kowa ta sa nata ta zo."

Na rufe tebur na bi su, don irin wannan ba a ba ka labari. Mata takwas suka jeru a buron, wato ofishin dowan, kowace da riga da zani da ɗankwali, Zuwaira ta tara da turmi a hannu. Shef, shugaban buron, wani siririn Balarabe daga arewa, ya leƙo ta saman tabarau ya tambayi ko biki ake. Malam ya ajiye resi da takardar rasuwa da kokensa, ya ce da Larabci, "Shef, ga kayan nan, sun zo da ƙafarsu."

Sai ya roƙi matan su juya baya. Kowace da farin layin nan, wata a kafaɗa, wata a gadon baya. Na Laure mai tuyar ƙosai ya raba ta gida biyu daidai, tana ta gunaguni wai an mai da ita tallan kasuwa. Malam ya ce, "Wane ɗan kasuwa zai ɗauko wannan daga Maraɗi ya ce zai sayar?"

Shef ya karɓi turmin Zuwaira ya kai hanci.  Daga baya Malam ya fassara mini abin da ya faɗa a hankali, wai tasa uwar ma tana da irin wannan akwati. Ya sa hannu, ya buga hatimi.

Hatimi daban, kuɗi daban. Sai da Malam ya koma sau shida, takalminsa ya tsinke a na huɗu. Saura kwana uku a ga wata aka maido mata kuɗinta, aka riƙe kuɗin ajiya kawai. Da yamma na ga keke a kan amalanke ya nufi Tahaggart, yaran na biye da shi da gudu. Zuwaira ta kawo lada, Malam ya ce ba ya cin kuɗin marayu, ta roƙa har ta gaji.

Ran biyar ga azumi ma'aikacin gidan waya ya tsallako titi da 'yar takarda. Malam ya miƙa hannu ya ce, "Na wa?"

"Naka."

Ya karanta sunan sau biyu. Ya tashi ya kaɗe riga, ya shiga ya bi layi kamar kowa. Ya fito da ƙaramin ƙunshi, an ɗaure da zare, an manna kan sarki. Daga Tahaggart aka aiko shi, tafiyar da yaro zai yi da ƙafa kafin shayi ya huce. Ya kwance zaren a hankali bai yanke ba. Rigar tafireta ce, an ɗinka da atamfar marigayiya, farin layin ya bi ta tsakiya.

Na so in yi masa tsiya, na fasa. Ya lulluɓe tafiretar, ya shafa, ya sake shafawa. Sannan ya buɗe gwangwanin biskit, ya sa 'yar takardar a kan tikitin Damagaram.