Hannun da Bai Kai Kunne Ba

Ranar jajiberin Kirsimeti ce, da hantsi, shekarar da na shiga sha biyu. Muna tsaye a layi a ɗakin girkin Mama Talatu, a saman wani tsohon bene a unguwar Xiaobei, mu yaran da iyayenmu suka zo Guangzhou sarin kaya suka maƙale. Sanyin garin mai laima ne, har ƙashi yake shiga, amma ɗakin ya yi ɗumi da tururin shinkafa da ƙamshin soyayyar kaza. A kan buhun semo akwai kwali a buɗe, cike da littattafan Hausa da wani ɗan kasuwa ya riƙo mata daga Kano. Dokarta ɗaya ce: ka ɗora hannun dama ta saman kai ka kamo kunnen hagu. Wanda ya kamo ya girma, sai a ba shi littafin tatsuniya ko na karin magana, ya karanta layin farko da ƙarfi kafin a zuba masa abinci. Wanda bai kamo ba yaro ne, a ba shi mai hotuna, ya nuna akuya ya ce akuya, shi ke nan. Ni ne babba a layin, ni kuma kowa yake tsoro. Ban iya karanta ko harafi ɗaya ba, kuma babu yaron da ya sani.

Hannuna na dama a karkace yake, har yau. Baba ne ya karya shi. Ya zo garin nan da jari da mu, ni da Inna, ina ɗan ƙarami. Kayansa suka salwanta a hanyar ruwa, jarin ya tafi. Inna ta koma gida haihuwa, ba ta ƙara samun biza ba. Tasa bizar ita ma ta mutu, ya zama ɗan dako, yana loda wa waɗanda a da suke gaishe shi da Alhaji. Daga nan ya daina magana da baki, sai da hannu. Makarantar gwamnati takarda take nema, ta kuɗi kuma kuɗi take nema, ba mu da ko ɗaya, don haka ban taɓa zama a aji ba. Wata rana na saki kwalin kofunan gilashi a kan matakala. Baba ya gani. Ya zare katako daga cikin waɗanda ake jera kaya a kai, na tare da hannu, na ji ƙarar kafin in ji zafin. Asibiti za a tambayi fasfo, sai ya kai ni wurin wani mai ɗori, ya ja hannun ina ihu, ya ɗaure da tsagin gorar da magina suke kafa tsani da ita. Ƙashin ya haɗe yadda ya ga dama.

Aikina a lokacin rabon abinci ne. Mama Talatu Kirista ce daga wani ƙauye a kudancin Zariya, tana dafa tuwon semo da miyar kuka a ɓoye, ƙofa a kulle, ni kuma in ɗauki kuloli in bi shaguna da ɗakunan 'yan kasuwa. In na gama sai in shiga wurin masu haɗa kaya, in naɗe kwali da salatif, in ɗinke bakin buhu, in tura kura zuwa bakin titi. Ina jin yaren mutanen garin fiye da Hausa. Na iya cewa "lawban", wato maigida, in ina neman aiki, na kuma saba jin "meyo", wato babu. Wasanmu a kan rufin bene yake, tsakanin tankunan ruwa da igiyoyin shanya. Muna dunƙule tsohon salatif mu yi ƙwallo, muna langa, muna kokawa a kan siminti. In mun sauko lungu, yaran unguwa su kira mu baƙaƙen aljanu, mu jefe su da kwalba, su jefe mu da bulo. Nan na koyi faɗa da hagu. Na fasa wa wani kai da makullin keke, an fasa min leɓe da ƙarfen lema. Ba na kuka, ba na kai ƙara. A haka na zama shugaba.

Sirrina kuwa da ƙarya na tsare shi, da duka. Ina gane kwalin kowa da siffar alamar da ke jiki, sai in ce na karanta. Akwai Lawali, ɗan wani attajiri daga Maradi, yana zuwa makarantar kuɗi, bakinsa ba ya shiru. Ya taɓa miƙo min takarda a gaban yara ya ce in karanta. Na yi masa tsinken tsire da ƙasa, na ce ni ba yaronsa ba ne. Bai sake ba, amma idonsa bai bar kaina ba.

To, ga ni a layi ranar nan. In na kamo kunne, za a ba ni babban littafi, in tsaya kamar gunki a gabansu. In ban kamo ba, ni jariri ne. Girman kai ya zaɓa min: gara in kamo, abin da zai faru ya faru. Na san in na ɗan karkata kai hannun zai kai, kuma na ga ta bar ƙananan suna karkatawa tana dariya. Da aka zo kaina sai ta ɗora tafinta mai maiƙo a goshina ta riƙe kan cak. Na miƙa, na miƙa har gwiwar hannun ta yi ƙara. Yatsuna suka tsaya a gashi. "Bai kai ba," ta ce, ta miƙo min mai hotuna, mai kaurin bango. Sai Lawali ya ce, "Mama, a haɗa masa da bulumboti." Da gefen littafin na same shi a baki. Haƙorinsa ya faɗa cikin miya. Jininsa ya ɓata hoton akuya. Mama Talatu ta zabga min muciya a gadon baya, ta tura ni waje da littafin a hannuna, ba shinkafa, ba kaza.

Na so in jefa shi a kwata. Ban jefa ba. Na hau rufi na ɓuya bayan tanki na buɗe. Akuya, bante, ciyawa, doki. A ƙarƙashin kowane hoto akwai baƙaƙe manya. Ban taɓa ganin rijiya ba, ban taɓa ganin rumbu ba, amma na taɓa jin sunayensu a bakin Inna. Na cusa shi ƙarƙashin tabarmarmu.

Washegari da la'asar na dawo daga rabo na tarar da Baba a tsaye, littafin a hannunsa. Uban Lawali ya riga ya same shi a gaban mutane a kan maganar haƙori. "Kayan coci ka kawo min ɗaki?" Iyakar abin da ya ce ke nan. Ya ɗauko igiyar ɗaure kaya, irin mai ƙugiyar ƙarfe a baki. Ta farko ta yaga min riga, ta biyu ta yaga fata. Na dunƙule a lungu, na sa hannun hagu a kai, hannun yake nema. Ban yi ihu ba, amma ƙarar ƙarfe a bango ta hau sama, da yake ɗakinmu a ƙarƙashin ɗakin girkin yake. Mama Talatu ta banko ƙofa da muciyarta, zani a ɗaure a ƙugu, ta shiga tsakani. Ƙugiyar da ya riga ya saki ta same ta a gira, jini ya rufe mata ido. Ko gezau ba ta yi ba. Ta ce, "Malam Isa, ka karya na dama, na hagun kake so ka ƙarasa? Buɗe ka gani. Akuya ce da doki." Bai buɗe ba. Ya kama littafin ya raba shi biyu, ya sake rabawa, ya watsa mata a ƙafa, ya fita. Ta durƙusa ta tsince shi tas, ta ja ni sama.

Tana gasa min baya da ruwan zafi da gishiri, nata goshin ɗaure da tsumma, na ce mata ita ta jawo, da ta bar ni na karkata kai da na kamo kunnen. Ta matse tsumma ta ce, "Na sani. In ka kamo, me za ka karanta musu?" Ashe tun ranar da ta ba ni takardar sunayen masu abinci na riƙe ta a kife ta gane. Ta ce, "Gara su yi wa hannunka dariya. Hannu ba laifinka ba ne." Ranar na yi kuka, ita kaɗai ta gani.

Da salatif na kwali muka haɗa shafukan. Wasu sun zo a karkace kamar mai su. Tana tuƙa tuwo ina ja mata baƙi, in na yi kuskure ta ƙwanƙwashe ni da ludayi. A nan ta gaya min inda ta samo al'adar. A ƙauyensu wani Fada, limamin coci ɗan ƙasar Ailan, ne yake raba musu littattafan Hausa duk Kirsimeti, kowa daidai shekarunsa. Shi ma yana da wani ƙaramin littafi na yaren ƙasarsu, ba Turanci ba, da ba ya rabuwa da shi, don a can ma yaren ya kusa ɓacewa daga bakin yara. Ita ba ta taɓa ba mu na coci ba, ko sau ɗaya. Takan ce, "Harshe wuta ce a murhu, in ba a iza ba sai toka." Ran Juma'a ma ita take kora ni Masallacin Huaisheng, ta ce kada in dawo mata sai da shaidar na je.

Baba bai daɗe a garin ba bayan nan. Masu duba takardu suka shigo benen, ya dira ta taga, ƙafarsa ta karye, aka mayar da shi gida. Ban raka shi ba. Na zauna wurin Mama Talatu. Da wata Kirsimetin ta zagayo ta bar ni na karkata kai. Na karanta layin farko ina tuntuɓe, Lawali yana gefe da giɓinsa.

Yanzu ina tashar jiragen ruwa ta Huangpu, ina kula da lodin kwantena. Takarduna sun gyaru bayan wahala. Mama Talatu ta koma ƙauyensu, can ta rasu, ban samu zuwa ba. An rushe benen, rufin da muke langa babu shi. Yaran yanzu suna da waya a hannu, suna amsa gaisuwar iyayensu da wani yare. Duk ƙarshen shekara nakan sa a riƙo min kwali daga Kano, in zauna in ware: masu hotuna gefe, tatsuniya gefe, masu kauri na manyan gefe. Ban iya girki ba, shinkafar saye nake yi. In jera yaran in ce hannu a kai. Bara akwai wani dogon yaro mai tabo a kunci, wanda sauran suke matsa wa hanya. Hannunsa lafiya lau, zai iya kamo kunnen har ya wuce. Na ga ya noƙe kafaɗa, yatsunsa suka tsaya a gashi, yana kallona. Na ce, "Bai kai ba," na miƙa masa mai akuya. Wani ya fara dariya, na dube shi, ya haɗiye.

Duka da yawa na sha a garin nan, duk sun warke ko sun bar tabo. Tafin nan mai maiƙo ne kawai har yau nake ji a goshina.