Mai Garma a Kafaɗar Hagu

Duk wanda ya san Saloma a Zuru ya san abu biyu game da ita: bahaguwa ce, kuma ba ta yarda da aikin rabi da rabi. Tare muke aiki a wani ɗan ɗakin karatu na makaranta, ni ina kaɗe ƙurar littattafai, ita tana fama da kwamfuta.

Ba ta san fuskar mahaifinta ba. Dawuda soja ne, ya tafi Laberiya tana shekara biyu, bai dawo ba. Hotonsa guda da ke gida gara ta cinye. Idan aka yi zancen uba a gabanta, sai ta kama gyara abin da bai lalace ba.

Bara aka kawo mana kwalaye na tsofaffin hotuna daga coci-coci da gidajen mutane, a saka su a kwamfuta. Tsarin ba jerawa kawai yake yi ba, ƙulla zumunci yake: wannan hoto na wane ne, wane ɗan wane, a ƙauye kaza. Ka taɓa suna ɗaya, duk abin da ya shafe shi ya fito. Sai dai waɗanda suka tsara shi uba da uwa da miji suka sani. Ba su san golmo ba, noman da saurayi ke yi shekara da shekaru a gonar surukinsa kafin a ba shi mata.

Saloma ta ce ba ta san zancen ba. Ta ƙara igiya sabuwa da kanta: wane ya yi golmo a gonar wane. Na yi mata tsiya, na ce kwamfuta ma sai ta yi noma? Ko kallona ba ta yi ba.

Wata bakwai tana ƙullawa. Wata Talata ta taɓa sunan kakanta na wajen uwa, sai ga hoto daga kwalin garin Mahuta: samari tara a gona, a baya an rubuta sunan mai gonar kawai, wato kakan nata. Ɗayansu ubanta ne, lokacin da yake golmon uwarta. Wanne?

Ta hau babur ta ɗauko mahaifiyarta, Mama Leah, wadda idonta ya daɗe da tafiya. Tsohuwar ta zauna gaban kwamfutar tana shafa gilashin.

"Ɗiyata, mi kika gani?"

"Su tara ne, Mama. Kowanne da garma a kafaɗa."

"Duba wanda tasa ke hagu. Kakanki ya yi faɗa har ya gaji."

Na uku ne daga gefe, siriri, yana dariya. Saloma ta daɗe tana kallonsa. Sannan ta ce, "Mama, ba ki taɓa gaya mini shi ma bahago ne ba. Da kika riƙa bugun hannun nan nawa ina ƙarama fa?"

"Ubanki yake tuna mini, ba na iya kallonsa ne," in ji tsohuwar.

Saloma ta ja allon rubutun, ta buga sunansa da hannun hagu.